Kwamfutar Yaya a Kan Buhunan Shinkafa

Ina tsaka da buga gem allon ya fara ƙyaftawa, sai komai ya tsaya cak. Kwamfutar Yaya Sani ce, amana ya bar min, ga shi ya riga ya taso daga Birniwa.

Na kashe na kunna, ba ta canza zani ba. Na taɓa bayanta, zafi rau.

Yana shigowa ya tsaya.

"Wa ya ɗora ta kan buhunan shinkafa?"

"Ni ne, Yaya. Ruwan kogi ya shigo ɗakin."

Ya kwance murfin. Ƙaiƙayi ya toshe fankar gaba ɗaya.

"Da a ƙasa ka bar ta, da gawarta zan tarar. Miƙo burushi."

Sai lokacin na sauke numfashi.

Jama'a, ruwa na shigowa, ku da a ina za ku ɗora ta?