Alluraina a Kular Zoɓo

Shekarun baya, muna zaune a Daɗin Kowa, aurenmu ya shiga shekara ta biyar ban taɓa ko ɓatan wata ba. Na sha rubutu har na fara bambance tawadar malamai da harshe. Daga ƙarshe ni da maigidana muka yanke shawarar gwada dashen ƙwan haihuwa a asibiti, amma a ɓoye, don surukata ta taɓa cewa wannan shisshigi ne a lamarin Allah.

Likita ta ba ni alluran da zan riƙa yi kullum, ta ce kada su rabu da sanyi. Na zuba su a tsohon gwangwanin madara, na rubuta "daddawa" a jiki, na tura can ƙuryar firji. Ni a dole mai dabara.

Kwana huɗu da farawa, taransifomar unguwarmu ta ƙone, maigidana kuma ya yi tafiya. Kafin azahar firji ya fara gumi. Mutum ɗaya na sani da ba ta rabuwa da ƙanƙara: surukata, mai sayar da zoɓo a Tina Junction. Na hau Keke mai ƙafa uku rungume da gwangwani kamar jariri.

"'Yar nan, wace irin daddawa ce ke son sanyi?" in ji ta. Kafin in haɗa ƙarya ta buɗe. Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai.

Ta daɗe tana kallon ƙananan kwalaben.

"Wato jikana kika ajiye a gwangwanin daddawa?"

"Mama, kin ce shisshigi ne."

"Na faɗa. Ina kuma haɗiyar maganin hawan jini kowace safiya. Miƙo min wancan zanen."

Ta naɗe su a zane don kada ƙanƙara ta daskarar da su. Ta kwashe zoɓon kula guda ta rabar wa masu Keke, ta yi bismilla, ta tofa addu'a, ta rufe. Har aka gyara wuta ba ta bari kowa ya taɓa kular ba.

Dashen farko bai kama ba. Ina cikin kuka surukata ta shigo ta ce, "Tashi ki wanke fuska, ai ban mayar da zoɓo a kular ba."

Yau 'yata kan kular nan take zama in mun je gaishe da kakarta. Mata kan tambaye ni a asirce, addu'a ce ko maganin likita? Sai in yi murmushi. Ni dai na ga su biyun kwance a kula ɗaya, cikin zane ɗaya, kuma babu wanda ya ture wani.