Fitilar Fadamar Baba

Ni dai Allah bai hore mini haƙuri mai yawa ba, amma shekarun da na yi ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Makarfi ba a banza na yi su ba. Shi ya sa ranar da na sauke akwatin gilashi daga bayan mota a ƙofar gidanmu na Taba, Yaya, babban wana, yana dariya yana cewa, "Kifi a ɗaki? Tukwanen Inna sun ƙare ne?" ko kallonsa ban yi ba. Na san abin da nake yi.

A daminar nan ne Baba ya faɗi a gonar rake, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti a Zariya, sai ya juya fuska ga bango. Abinci sai an yi da gaske, cokali biyu ko uku. Duk wanda ya zo dubiya, magana ɗaya yake samu daga wannan harshe da ya yi nauyi: "A yafe ni." Ba ya tambayar gona, ba ya zancen gobe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a fadama! Tsoro ya kama ni, don na ga ba ciwon ne zai tafi da shi ba, shi ne ya saki. Na ce in Baba ba zai iya zuwa fadama ba, to fadama za ta zo ta same shi.

Na zuba ƙasa da wankakken yashin rafi a akwatin, na dasa tsirran ruwa masu sauƙin rayuwa, daga baya na saki ƙananan kifaye masu baza wutsiya. Wurin zaɓen fitila na fi daɗewa. Mai shagon a Zariya ya jawo mini wata mai canza launi, ja, shuɗi, kore, yana ta zuba mata kirari. Na ce, "Malam, ɗakin mara lafiya zan kai, ba gidan biki ba." Na ɗauki fitilar LED fara tas, siririya, tsawonta daidai da akwatin don kada wani gefe ya zauna a duhu. Haskenta irin na rana tsaka ne, ba ta zafi, ba ta shan wutar solar da Yaya ya sa a gidan, kuma tana da maɓallin rage haske. Ya nuna mini wani ɗan agogo mai kunnawa ya kashe da kansa, na ce ya riƙe kayansa. Gidan da ladan ke kiran salla a bayan katanga, wane agogo kuma?

Doka ɗaya na bar wa Inna, na maimaita ta har ta gaji da ji. Tsiron ruwa ba masara ba ne, awa shida ko bakwai sun ishe shi, abin da ya wuce nan gansakuka ake ciyarwa. "A kunna da kiran azahar, a kashe da kiran isha'i." Inna ta ce ta ji.

Kwana uku da dasawa ta kira ni a waya da albishir. Baba ya juyo. Da na zo ranar Juma'a na tarar an jingina shi da filo, yana shan kunu, idonsa a kan wani tsiro da ya fitar da sabon ganye. Na dubi Yaya na ce, "To, mai tukwane, sai ka ce me?"

Murnata ba ta cika wata ɗaya ba. Wata Juma'a na shigo na ga ruwan ya zama miyar kuka. Ba a ganin tsiro, kifi sai ya zo jikin gilashi kake sanin yana nan. Baba kuwa ya koma ga bangonsa, kwanon kunu a rufe a ƙasa. Na fara ɗora laifin a kan mai shago, na ce ya haɗa ni da jabu, har na shirya irin wankin babban bargon da zan je in yi masa.

Allah ya rufa asiri na kwana, na ga abin da idona. Tun da hantsi masu dubiya suka fara sallama, wasu daga Gubuchi, wasu daga Paki, har da mutanen Ikara. A gaisa, a tambayi jiki, a yi addu'a, sai baƙo ya ce, "Ina kifin nan da ake faɗi? A ɗan haska mana mu gani." Inna ta kunna. Kafin wannan ya fita wani ya shigo, wa zai kashe? A ɗaga labule ma don a gani da kyau, rana ta shigo ta ƙara nata. Fitilar da na ce awa bakwai, ashe kusan goma sha biyu take yi kullum.

Na ɗaga wa Inna murya, abin da har yau nake jin kunyarsa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ke, mutum ya taso daga Paki a kan babur don ubanki, in ce masa lokaci bai yi ba? Ni ba a koya mini haka ba." Ita ma gaskiyarta ce.

Maganin na san shi, ɗaci ne da shi. A canza rabin ruwan, a rufe akwatin ruf kwana uku, ko ƙyallin haske kada ya shiga, sai ɗan injin da ke hura wa kifayen iska kawai a bari yana aiki. Na nemi izini a makaranta, na ɗauko bargo. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta dafe ƙirji. "Haba! A lulluɓe abu a gaban mara lafiya? Wannan wane irin fata ne?" Na durƙusa a bakin gado na ce, "Baba, kwana uku ba za ka ga komai ba. Gansakukar za ta mutu, tsirran za su jure." Can ya ce, a hankali, ana tsintar kalmomin, "Kamar a bar tabarma a kan ciyawa." Na ce haka ne. Ya ce, "Rufe."

Ranar farko masu dubiya suka tambaya, na ce ana gyara, kuma fuskata ta isa ta hana tambaya ta biyu. Rana ta biyu sai ga Baffa daga Gubuchi, yayan Baba, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Ban taɓa jin Baba ya ce masa a'a ba, ko a kan rabon gona. Ya zauna a kujerar da ke tsakanin gado da akwatin, aka gaisa, ya tofa masa addu'a, sannan ya miƙa hannu ya kama gefen bargon. "Bari mu ga abin da 'yar boko ta kawo." Ina durƙushe a bakin ƙofa, duk tsiwata ta gudu. Ni wace ce da zan hana Baffa?

Hannun Baba na dama ne ya tashi ya riƙe masa hannun riga.

"Yaya, a bari. Gonar na hutawa." Ya numfasa. "Ka dawo jibi. Bayan azahar."

Baffa ya saki bargon. Na zaci ransa ya ɓaci, don yadda ya tsura wa ƙaninsa ido. Sai na ga ya kai gefen rawaninsa ga ido. Wata uku yana zuwa ɗakin nan ana ce masa a yafe, yau an ce masa jibi.

Da na yaye bargon ruwan ya washe, tsirran sun ɗan yi fari amma suna tsaye, kifayen na nan lafiya lau. Na rage ƙarfin fitilar zuwa rabi, na sa Yaya ya ƙara wa wayar fitilar tsawo, muka ɗaure maɓallin kunna ta a ƙarfen gado, daidai hannun Baba na dama. Daga ranar Inna ta huta. Wanda ya nemi a haska masa, sai ta ce ya tambayi mai gonar.

Baffa ya dawo jibin, ya ma yi sammako. Na leƙa zaure na ce ya shigo mana, ya ce a'a, an ba shi lokaci, zai jira. Na koma ɗaki na tarar Baba ya shanye kununsa, ya sa an miƙo masa hula. Yatsansa na kan maɓallin, kunnensa na wajen masallaci.