Farin Garin Da Ke Jikin Wilin Motar Sallau

Wata rana, a cikin birnin Zariya, wani tela mai suna Sallau ya sayi mota.

Ya daɗe yana taka keken ɗinki kafin Allah ya nufe shi da ita. 'Yar Kwatano ce, wato kwancen ƙasar waje, baƙa wuluk, ga wili na aloyi, farin ƙarfen nan na ado, sai ɗaukar ido yake yi. Duk wanda ya zo taya murna, ƙafafun yake fara kallo.

Sai dai lungun gidan su Sallau ko amalanke da ƙyar take shiga.

Don haka motar take kwana a harabar gidan amininsa Tanimu, mai sayar da hatsi, wanda gidansa ke bakin titi. Tare suka tashi, tare suka sha bulalar makarantar allo. Har unguwa ta san in ka ga ɗaya, to ɗayan na bayansa.

Ranar da aka kawo motar, Tanimu ya zagaya ta, ya durƙusa ya shafa wilin, ya ce, "Kai Sallau, wannan ƙafa ai ta fi ƙarfin titinmu. Allah dai ya tsare."

Sallau ya ce amin, yana ta washe baki.

Ba a jima ba tayar gaba ta fara sacewa.

Da yamma ya ajiye mota lafiya lau, da safe ya tarar da ita ta kwanta. Ya kai wa mai faci, aka duba, babu ƙusa, babu tsaga. Aka ba ta iska ya tafi. Washegari ta sake kwanciya.

Ya canza mai faci. Shi ma ya laluba bayan tayar, ya ce lafiyarta ƙalau.

Sai ta baya ita ma ta bi sahu.

To, a nan ne fa zuciyar Sallau ta fara raya masa abubuwa. Taya babu huji, amma kullum iska na fita? Kuma ba ta tashi fita sai motar ta kwana a gidan mutane?

Ran nan ya tsuguna yana duba tayar, sai idonsa ya kai kan wani abu. A gefen wilin, daidai inda ƙarfe ya haɗu da roba, ga wani farin gari ya yi layi. Ya dangwala, ya murza a yatsa. Laushi kamar toka.

Ya zagaya ɗaya tayar. Nan ma ga shi.



Jama'a, ku faɗi gaskiya. Ɗan Bahaushe ya wayi gari ya ga farin gari a ƙafar sabuwar motarsa, me zai fara zuwa masa a rai?

Barbaɗe.

Ya kankaro kaɗan a takarda ya kai wa matarsa. Ta leƙa, ta ja da baya tana salati. Ba ta ambaci sunan kowa ba, tambaya ɗaya kawai ta yi: "Wa ke rufe ƙofar gidan in ka ajiye ta?"

Sallau ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Tun daga lokacin komai na Tanimu ya canza kama a idonsa.

In Tanimu ya ce, "Ya mota?" sai Sallau ya ji kamar gatse ne.

In ya ce, "Yau ma ta sace?" sai ya ce a ransa, ai ka fi ni sani.

Ya tuno ranar farko. Mutum ya zo ganin mota, bai shafa sitiyari ba, bai shafa kujera ba, sai wili? Kuma me ake nufi da "ta fi ƙarfin titinmu"? Ya tuno Tanimu ya taɓa cewa shi ma yana son ya yi mota, kasuwa ta ƙi. Ya ɗauko wannan ya ɗinka da wancan, ka san tela da haɗi, har riga ta fito.

Abincin da ake aiko masa daga gidan Tanimu ya daina ci. Sai ya ce ya ƙoshi, a ba yara maƙwabta. Ka ji mugunta, wai shi yana tsoron sammu, amma 'ya'yan wasu su ci!

Abu ɗaya ya rage masa: ya kama da idonsa.

Sai ya lura da wani abu. Kwanan nan da an sallame sallar Asuba, Tanimu ba ya zama lazimi kamar yadda ya saba. Zumbur yake miƙewa ya fice.

Rannan Sallau ya bi bayansa, ya laɓe a jikin ƙofar gidan, ya leƙa.

Ga Tanimu tsugune a gaban tayar gaba. Buta a gefensa. Bakinsa na motsi. Yatsunsa fari fat da garin nan.

Sallau ya banko ƙofa.

"Ashe kai ne!"

Tanimu ya ɗago. "Ni ne me?"

"Me na tsare maka, Tanimu? Motar ce ta tsone maka ido? So kake taya ta fashe da ni a hanyar Kaduna, ka zo ka karɓi gaisuwa?"

Tanimu ya dubi hannunsa, ya dubi Sallau. A hankali ya ce, "Wankewa nake yi. Tun da na ga garin nan hankalina bai kwanta ba, na ɗauka wani ne ke binka da sharri. Shi ne nake tofa addu'a a ruwa in wanke kafin ka iso, don kada ka gani ka tsorata."

"Ƙarya kake yi, munafuki!"

Daidai lokacin mutane ke dawowa daga masallaci. Kowa ya ji. Matar Tanimu da 'ya'yansa ma sun ji daga cikin gida.

 Tanimu ya ɗauki butarsa ya shige.

Kafin azahar magana ta zaga unguwa. Masu cewa "dama na sani" suka fito, ka san ba a rasa su. Har wata mata ta fasa awon masara a rumfar Tanimu.

Ita kuwa matar Sallau sai ta ɗauki hoton wilin ta tura zauren WhatsApp na danginsu, ta rubuta: a taya mu da addu'a, maƙiya sun sako mu gaba.

Ana ta turo amin, amin, sai ga saƙon murya daga Rumasa'u, 'yar yayar Sallau, wadda ke karatu a Kanada.

"Kawu, don Allah ku kwantar da hankalinku, wannan aikin gishiri ne. Nan in sanyi ya shigo ƙanƙara na rufe titi, sai a riƙa watsa gishiri don ta narke. Shi yake shiga ƙarƙashin fentin wilin aloyi yana cin sa, ya riƙa fitar da farin gari haka. In ya ci bakin wilin, taya ba ta zama daidai, sai iska ta riƙa zurarewa. Shi ya sa da yawa a nan suke cire na adon lokacin sanyi su ɗaura na baƙin ƙarfe. Motarka daga ƙasar sanyi ta fito, da ciwonta ta zo."

Sallau ya saurara. Ya mayar ya sake saurara.

Har a lokacin zuciyarsa na gardama, wai yaran zamani me suka sani. Ya ja mota zuwa wurin mai faci, ya ce wannan karon a raba tayar da wilin gaba ɗaya.

Aka raba.

Bakin wilin daga ciki duk ya zaizaye, ya yi ramuka-ramuka kamar ƙwaryar da gara ta ci. Farin garin kuwa cike, a wurin da yatsan ɗan Adam ba ya kaiwa sai an cire taya.

Sallau ya nemi benci ya zauna. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage.

A ranar aka ɗaura masa wilin baƙin ƙarfe, mummuna, marar ƙyalli. Shi in ya yi tsatsa ja yake yi a fili, a kankare a shafa fenti. Iska ba ta sake fita ba.

Gyaran mota ke nan, bai ci wuni ɗaya ba.

Da la'asar ya ɗauki limamin unguwa suka tafi gidan Tanimu. A gaban mutanen da suka ji zagin, Sallau ya durƙusa ya faɗi komai, hawaye na zuba.

Tanimu ya ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Kuma da gaske ya yafe. Ya ce mota ta ci gaba da kwana inda take kwana.

Bayan kwana biyu Sallau ya je hira. Ya yi sallama zai zarce tsakar gida, kamar yadda yake yi tun suna samari.

Sai Tanimu ya fito da sauri ya tare shi a zaure. Ya shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ya sa aka kawo ruwa a kofin baƙi, ya zauna nesa kaɗan, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Sallau. Ya iyali?"

Har yau a zauren nan yake tsayawa.

Darasi:

Ba duk abin da ya lalace maka ne hannun mutum ke ciki ba. Wani abin da ciwonsa ya zo maka, tun daga inda ba ka taɓa takawa ba.

Kafin ka buɗe baki a kan mutum, buɗe tayar tukuna. Zato zunubi ne, kuma yawanci na kusa da kai yake fara ci, don shi ne idonka ke gani.

Ana yafe magana, amma kunnen da ya ji ta ba ya mantawa.

In akwai wanda ka ƙullata a kan zato kawai, bincika yau. Ka kuma tura wannan ga 'yan'uwa, wataƙila wani na laɓe a bayan ƙofar amininsa yanzu haka.