Zomon Malam Bitrus

Asabar ce ta biyu a watan Maris, ƙarfe bakwai da kwata na yamma, a tsakar gidanmu da ke Samaru. Waɗanda ke wurin su ne Kaka, wadda ta haifi mahaifina. Mama tana kankare tukunyar tuwo. Ni da ƙanwata Rifkatu a kan tabarma. Sai Baba, wanda bai zauna ba. Shekarata goma sha ɗaya. An ɗauke wuta, hasken murhu kaɗai muke da shi. A saman murhun, kan wayar gashi, akwai zomo guda da aka feɗe ana ƙyafewa.

Zomon ba namu ba ne.

Baba ne mai ƙahon mafarautan unguwarmu. Duk Asabar ta rani, bayan an kwashe amfanin gona, yakan busa ƙaho da sassafe, maza su fito da karnuka da gora su nufi dajin da ke bayan gonaki. Lokacin da na fara wayo, in sun fito sai sun cika hanya. A shekarar da nake magana sun koma su tara, kuma ƙaraminsu ma ya fara furfura. Shi ya sa Baba ya yi wata biyu yana lallashin Malam Bitrus, malamin firamare ɗan kudancin Kaduna da ke haya a ɗakin kusa da zaurenmu, har ya yarda ya bi su ran nan.

Malam ya yi sa'a, jifansa na farko ya karya zomo. Kafin ya sunkuya Baba ya riga shi, ya ɗauke ya jefa a jaka, sauran suka yi ta shewa. Al'adarsu ce: naman farko na sabon shiga ƙwace shi ake yi, wai don zuciyarsa ta yi tauri. Ba wanda ya gaya wa Malam haka kafin su fita. Ya dawo shi kaɗai da rana tsaka, ya jingine gorar da Baba ya ara masa a bakin ɗakinmu, ya shiga nasa ya turo ƙofa.

Tun daga lokacin Baba ya kasa zama. Ya leƙa zaure ya dawo. Ya juya zomo, ya kori kare, ya sake juya zomon da bai nemi juyi ba. Kaka ba ta faɗin sunansa, don ɗanta ne na fari.

"Mai ƙaho, ƙasar nan laifi ta yi maka kake tattaka ta?"

"Iska nake sha, Iya."

"To sha a hankali, ka rage wa yara."

Ta tura itace cikin wuta, ta juyo wajenmu. "Ku matso, jikalle. Ga wata nan tafe da ƙafarta." Muka ce ta ƙaraso mu ji.

A wani gari, in ji ta, akwai maharba bakwai da suka san daji kamar cikin ɗakinsu. Duk saurayin da ya bi su ya kashe nama, sai su ƙwace su cinye a gabansa. Samari suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, maharba kuma ba su lura ba, don nama ya fi isarsu in ba su da yawa. Sai wata damina gadu, wato aladen daji, ya faɗa wa gonakin garin. Gadu kuwa ba a bin sa a guje, kewaye kurminsa ake yi kafaɗa da kafaɗa. Maharba bakwai suka kewaye, tsakanin kowane mutum da na kusa da shi akwai filin da raƙumi zai wuce da kaya.

Gadu ya fito yana tafiyar ƙasaita, ya tsaya a giɓi na farko. Nan Kaka ta toshe hanci ta yi muryarsa.

"Sannunku da aiki. Wannan ƙofar ta wace ce?"

"Wurin Tanko ne," in ji babban maharbi, "wanda muka ƙwace wa zabo bara waccan."

"Allah sarki. Ku ce masa ina gaisuwa."

Ya wuce abinsa. Washegari ya bi ta wurin Dogo, wanda aka ƙwace wa gada, ya bar masa gaisuwa. Rana ta uku ya fito da matarsa da 'ya'yansa, kowa da ƙofarsa, ba turereniya. Rifkatu ta yi dariya har shaƙuwa ta kama ta. Maharba suka bi gida gida suna kiran samarin da suka kora. Tanko ya ce shi yanzu maƙeri ne. Dogo ya ce jakinsa ba ya son a bar shi shi kaɗai. Gadu ya cinye hatsin shekara, mutanen gari suka tashi.

"Nan ta tsaya," in ji Kaka. "Itace ya ƙare."

Itace bai ƙare ba, akwai dami guda a bayanta. Baba yana tsaye a jikin rumbu, kuma duk mun san ba mu aka yi wa tatsuniyar ba.

"Ni ma an ƙwace mini, Iya. Gada ce ma, ba zomo ba. Na mutu?"

"Ba ka mutu ba. Kuka ka yi kwana biyu a bayan rumbu, ka rantse kai da daji har abada. Da Asabar ta zagayo na kora ka da muciya har bakin rafi."

Mama ta sunkuyar da kai cikin tukunya, tana danne dariya.

"Shi Malam," in ji Kaka, "wa gare shi a Samaru da zai kora shi da muciya?"

Baba ya matsa wajen murhu. Ya sauke zomon da zafinsa, ya naɗe a takarda, ya nufi ɗakin Malam. Muna kallonsa. Akwai hasken fitila a ƙarƙashin ƙofar, rediyo yana magana ƙasa ƙasa. Baba ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya sauke. Ya sake ɗagawa. Na fahimci matsalarsa daga baya: zomon ƙwace ba na wanda ya ƙwata ba ne shi kaɗai, tsofaffin hannu ne ke taruwa su ci tare. In ya mayar, zai samu mutum ɗaya da bai tabbata zai dawo ba, ya ɓata da takwas da suka yi shekaru suna amsa ƙahonsa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo ya ɗora zomon a kan waya.

"Gobe, bayan coci," ya ce.

Kaka ta ja zanenta ta rufe ƙafa.

Washegari bayan coci su takwas ɗin suka riga shi zaure, suna tambayar rabonsu da murya mai ƙarfi, taku biyar daga ƙofar Malam. Aka kawo yaji. Suka ci. Baba ya miƙo mini tsoka ɗaya ta bayan labule, na ci, kuma ta yi daɗi. Ba zan cire wannan daga labarin ba.

Yanzu aikin rediyo nake yi. A ranin da ya wuce aka tura ni Sabon Gari, inda mafarautan Hanwa da Dogarawa da Unguwar Gabas suka taru a wani filin makaranta don su haɗe wuri guda. Damuwarsu a fili take. Gidaje sun cinye dajin da iyayensu suka sani, dole su nemi izinin ƙauyuka masu nisa, ƙauyukan kuma ba sa sauraron mutum biyar biyar. Suna so su yi hayar mota tare, su daina faɗa a kan iyaka, su jawo matasa. Shawarwari ne masu kyau, na naɗe su duka. Amma tun da na zauna na kasa natsuwa kamar Baba a daren zomon, domin ina duban layin kujeru ina ganin giɓi, ina so in tambayi kowanne na wane ne.

Kusa da tashi wani saurayi mai acaba, wanda ya tsaya kallo daga bakin katanga, ya ɗaga hannu.

"Baba, in na bi ku na kashe, nawa ne ko naku?"

Dattawan suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Zo daji ka gani, ɗan nan." Saurayin ya yi murmushi, ya tayar da babur ɗinsa ya tafi.

Da ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar Kaka a kan rowa ce. Yanzu ina ganin a kan mantuwa ce. Duk wanda ya jure ƙwacen yana tuna juriyarsa, ya manta da mai muciyar da ta mayar da shi. Waɗanda ba su da kowa ba sa zuwa taro su ba da nasu labarin, don haka kullum al'adar tana da shaidu, kuma dukansu nata ne. Na sa tambayar saurayin a rahotona. An yanke ta saboda ƙarancin lokaci.

Malam Bitrus ya ƙara shekara shida a gidanmu, yana gaida Baba kowace safiya, bai sake shiga daji ba. Shekara huɗu bayan zomon, Baba ya busa ƙaho wata Asabar, mutum biyu suka fito. Ƙahon yana rataye a ɗakina a Hanwa.