Ƙafar Safiyo a Kogin Patuxent

Shekarar da aka sallame mu daga gidan rediyo, kyamara ce kaɗai ta rage mini. Ni da na saba ɗaukar hoton ministoci na koma ɗaukar suna da walima a gidajen 'yan Najeriya na Upper Marlboro kusa da Washington, ana ce mini in matsa kada in tare tukunyar shinkafa. Ina cikin wannan hali maƙwabcina na Silver Spring ya ƙwanƙwasa mini ƙofa wata Asabar da hantsi. Ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. Sati uku ke nan da muka binne ɗansa na fari.

Saurayin yana da farfaɗiya, kuma iyayen sun ɓoye wa kowa sai da ta kashe shi muka ji. Kamun kifi suka je shi da uban a kogin Patuxent. La'asar ta yi, uban ya hau tudu ya ta da salla, alƙibla kuma ta sa ya ba kogin baya. Kafin ya sallame ciwon ya kayar da saurayin a ruwan da bai kai cinya ba. Uwar tana Yawuri, ta je jinyar mahaifiyarta takardun biza suka riƙe ta. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba.

Yaya ya zauna a bakin kujera ya gaya mini abin da ya kawo shi. Ya ce a waya ya faɗa wa uwar kogin mai zurfi ne kamar Kwara da damina, ko gwanin ninƙaya ba zai iya komai ba. Yanzu tana son ta ga wurin. Ba ita ta faɗa da bakinta ba, ɗan fari ne, ƙanwarta ta aiko da saƙon. Shi kansa duk maganar nan bai kama sunan ɗan ba, sai dai “wancan yaron”.

“Ka ɗauko mata ruwan ta gani hankalinta ya kwanta,” in ji shi. “Amma kada ta san zurfinsa. In ta sani, ba za ta yafe mini sallar nan ba.”

Na ce masa ya bar mini wannan, ai aikina ne.

Daga bakin gaɓa ba a ganin komai, dogayen ciyayi sun rufe. Dole a shiga ruwa. Na ari wandon roba irin na masunta na shiga da ƙafar kyamarata mai ƙafa uku. Laka ta haɗiye rabinta, kyamarar ta koma dab da ruwa, in kuwa ta jiƙe na tashi a tutar babu. Na ɗauki hotuna biyu na fito. Ruwan ya fito baƙi ƙirin, ba a ganin ƙasansa, amma hoton ya karkace kuma ciyawa ta shiga ta gefe. Na ce wannan ba aikina ba ne, ba zan aika wa uwa mai makoki hoton 'yan koyo ba, na goge su a cikin mota. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan gogewar.

Daga nan na shiga neman doguwar ƙafa, wadda ko laka ta ci rabonta kyamara za ta wuce kaina. Na hau jirgin ƙasa zuwa Washington, wani mai shago ya jero mini guda biyar, mafi tsawonsu a haɓata ta tsaya. Ya tambaye ni wane tsuntsu nake bi, na ce agwagwa. Na yi odar wata ta ɗora fitilar ɗaukar hoto, doguwa kamar sandar tuta, iska kaɗan ta riƙa rawa, na mayar. Duk wanda na sani mai kyamara na dame shi. In faɗi gaskiya, daɗin neman nan nake ji. Tun da aka sallame ni ban tashi da safe da abin da zan bi ba sai a kwanakin nan, kuma akwai ranakun da na manta dalilin neman. Yaya yana gaishe ni a matakala bai taɓa tambaya ba, ƙanwar matarsa kuwa kullum sai ta kira shi.

Bayan sallar Juma'a wani injiniya ɗan Nijar ya ji ina ƙorafi, ya yi dariya ya ce ai ta safiyo masu auna filaye nake nema ban sani ba. Ya kai ni garejinsa a Beltsville ya jawo ta, ta katako ce ruwan ɗorawa, da tsinin ƙarfe a kowace ƙafa da dogon wuya da ake ƙara mata. Ƙusarta ba ta dace da kyamara ba, wannan ma ya ci mini wasu kwana huɗu.

Ranar da na kafa ta a kogi ko motsi ba ta yi ba. Kyamara ta tsaya can sama, sai da na kafa ɗan tsani a ruwa na hau. Kaka ce, ruwan ya kwanta, ganye ya yi ja. Hannuna ya ɗaura gilashin da ke kashe ƙyallin ruwa, kamar yadda yake yi shekara da shekaru ba tare da ya shawarce ni ba. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Na duba haske, na duba launi, na duba layin gaɓa ya miƙe sak. Abin da aka aike ni in duba shi ne ban duba ba.

Na tura wa Yaya. Ya ce Allah ya saka, ya tura Yawuri bai buɗe ba, don ba zai iya kallon wurin ba.

Washegari da azahar ya same ni a wurin ajiye motoci, ya ce amsa ta zo a saƙon murya, mu ji tare. Ba ƙanwar ba ce wannan karon, uwar ce da kanta. Ta gaishe shi, ta tambayi aiki da sanyi, ta ce a gode wa mai hoto, Allah ya yi masa albarka. 'Yar masunta ce, a bakin ruwa ta girma.

“Alhaji,” in ji ta, muryarta a kwance, “ina ganin duwatsun ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ruwan ko wanki ba ya isa a yi a tsaye. Kana ina lokacin?”

Yaya bai dube ni ba. Ya buɗe hoton, ya sa yatsu biyu ya faɗaɗa shi, ya daɗe yana kallo. Ni kuma na tsaya riƙe da makullin mota, na rasa ko haƙuri zan ba shi ko gafara zan nema.