Tafin Hannun Kurman Bakanike

Dattijon bakaniken siriri ne, gemu fari fat, yatsu duk baƙin mai. Wani matafiyi yana ta zuba masa bayani: robar gaban babur ɗinsa tana kwaramniya, ta ƙi zama daidai, ga doguwar tafiya da matarsa a baya.

"Huta da bakinka, ɗan'uwa," in ji mai facin gefe. "Baba kurma ne. Ta da injin kawai."

Dattijon yana bin robar da tafin hannu, ido a rufe. Can ya cusa yatsa ƙarƙashin fitila, ya danne inda ta tsage. Ƙarar ta ɗauke ɗif.

Matafiyin ya saki baki. Wataƙila haka mutumin nan ya reni 'ya'yansa, hannu a ƙirjinsu, yana gane wanda ke kuka.