Rassan da Tauno ya kafa a kan tafki

Shekara talatin da ɗaya Tauno Karvonen ne ke buɗe wa ƙauyenmu hanyar tafki. In ruwa ya daskare a watan Disamba, shi ke fara takawa zuwa tsibiri da sanda mai bakin ƙarfe. Duk taku goma sai ya soki ƙanƙara sau uku. In ba ta huje ba, ya kafa reshen itace ya wuce. Mai bin rassan nan ba ya duban ƙasa. Haka ya gaji aikin wurin mahaifinsa.

Da ya cika shekara ashirin yana yi, na rubuta labarinsa a jaridar gundumarmu, na ce da ido yake gane kaurin ƙanƙara. Ya yanke shafin ya manna a bangon kicin. Sannu a hankali sandar ta koma bayan ƙofa.

"Tsoho, ka manta sandarka," matarsa Helmi kan ce.

"Ta 'yan koyo ce. Ni ido ya ishe ni."

"Idon da ya wuni jiya yana neman tabarau alhali yana goshinka?"

Sai ya yi dariya ya fita.

Maƙwabcinsu Reijo masunci ne, kuma abin tsokanar ƙauye, don ko yaushe aka tambaye shi ƙanƙara sai ya ce bai sani ba sai ya gwada. A shekarar da abin ya faru, dusar ƙanƙara ta sauka da wuri, ta lulluɓe tafkin tun ƙanƙararsa ba ta yi kauri ba. Reijo ya tare Tauno a bakin ruwa.

"Wurin da rafi ke shigowa bai kwanta min ba. Ga tawa sandar."

"Riƙe abinka, malam Ban-sani-ba. Tun kana cikin zanen goyo nake tsallaka wurin."

Tauno ya ɗaura katakon zamiya a ƙafa, wanda ke baza nauyin mutum, ya je ya dawo lafiya, ya jera rassa.

Washegari da safe Helmi ta ɗora burodin hatsi da tukunyar miyar kifi a kan katakon da ake ja bisa ƙanƙara, za ta kai wa yayarta da ke kwance ba lafiya a tsibiri. A ƙafa ta tafi, tana bin rassan mijinta. A mashigar rafi ƙanƙara ta buɗe. Reijo ne ya ciro gawarta da ƙugiya bayan awa biyu.

Tauno bai bar aikin ba, don babu wanda ya yarda ya karɓa. Yanzu wuni biyu yake yi kafin ya kai tsibiri, yana suka a kowane taku. Bara na same shi a bakin tafki, na ce ina da-na-sanin abin da na rubuta.

"Kai ka rubuta, ni na manna," in ji shi.

Na tambaye shi ko ƙanƙarar shekarar za ta ɗauki mutum.

"Ban sani ba," ya ce. "Tsaya nan in soka."